Shan Inna: Ƙafa Muke Kallo, Ɓarnar Kuwa Tana Cikin Laka



Kalmar jijiya ta ɗauki kaya da yawa a Hausa. Wadda ake soka wa allura a ɗebi jini, jijiya ce. Wadda mahauci yake zarewa daga nama saboda ba ta taunuwa, ita ma jijiya. Saiwar bishiya ma akwai masu ce mata jijiya. Sai kuma ta huɗu, fara, mai kama da zaren abawa, wadda ba ruwanta da jini: saƙo take kaiwa daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ta komo da wani. A kan wannan ta huɗun za mu tsaya yau, kuma za mu shiga ta ƙofar da kowa ya sani, wato shan inna.

Duk wanda ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi, ko ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe, ya san wani a unguwarsu ko a ajinsu mai dafa gwiwa da hannu kafin ya taka, ko mai murza keken guragu ranar kasuwa. In ka tambayi tsofaffin gidan, labarin kusan ɗaya ne. Yaro lafiyarsa ƙalau, har ya fara tafiya. Ya yi zazzaɓi na kwana biyu ko uku. Aka wayi gari ƙafa ta saki, in an ɗaga ta sai ta faɗo kamar tsumma. Bayan watanni ta tsotse. Iyayenmu suka ce Inna ce ta sha, wato iskar nan ta bori wadda wasu ke haɗawa da Doguwa ko Bafilatana. Elisha Renne, wata malama da ta yi bincike a Zariya ta fitar da littafi a kan foliyo a 2010, ta tarar da wannan bayanin yana nan da ransa a bakin mutane.

Mu dai ba mu ga abin raini a sunan ba. Wanda ya raɗa shi ya kalli abin da kyau, domin ƙafar tana komawa tamkar an sa baki an zuƙe ta. Inda aka yi saɓani shi ne wurin da ɓarnar ta faru. Ƙafar nan da ake shafa wa mai, ake turarawa, ake yi wa tsaga, babu abin da ya taɓa ta. Abin da ya mutu yana can sama, cikin lakar da ke kwance a ƙashin baya, kuma ƙanƙantarsa ta kai ido ba ya ganinsa.

Jikinmu duka ginin ƙwayoyin halitta ne, kamar yadda soro yake ginin tubali. Akasarinsu dunƙulallu ne. Ƙwayar jijiya, wadda masana ke kira niyuron, ita ce ta fita daban. Tana da uwar jiki, inda cibiyarta take kuma inda ake sarrafa duk abin da take rayuwa da shi. Daga uwar jikin gajerun rassa sun fito birjik kamar na ƙaya, su ne masu karɓar saƙo daga maƙwabta. Sannan akwai jela guda ɗaya tak, doguwa, mai fitar da saƙo. Ƙwaƙwalwar mutum tana da irin waɗannan ƙwayoyi kimanin biliyan 86. Amma masu ba tsokar ƙafa umarni kai tsaye a ƙasan laka suke zaune, jelarsu ce take fita ta gangara har tafin ƙafa.

Tsawon jelar nan ya cancanci a tsaya a kansa. Faɗin uwar jikin ƙwayar bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, jelarta kuwa a babban mutum takan kai mita guda. Ta ninka jikin sau dubu goma ke nan. Da za a kumbura uwar jikin ta kai girman babban zaure a Dutsin-Ma, jelarta za ta miƙe ta ratsa Kurfi ta doshi birnin Katsina, kuma duk abin da ƙarshen jelar yake buƙata a can daga zauren nan za a aika masa. Abin da muke kira jijiya, wanda likita kan iya gani ya taɓa, damin irin waɗannan jeloli ne dubbai aka ɗaure wuri guda. A riƙe wannan, domin duk labarin shan inna a kansa ya rataya: jela tana ƙafa, mai jelar yana laka.

Sanin haka bai zo rana ɗaya ba, kuma kwaɗi sun sha wahala a hanya. A 1791 Luigi Galvani na Italiya ya wallafa cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in lantarki ya taɓa jijiyarta. A 1822 François Magendie na Faransa, bisa hanyar da Charles Bell na Birtaniya ya fara sharewa, ya nuna cewa jijiyoyin da ke fita ta gaban laka na motsi ne, na bayanta kuma na ji. A 1850 Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo ya samu kusan mita 30 a daƙiƙa, abin da ya ba mutane mamaki, don a da ana zaton saurinsa ya wuce aunawa. A wannan shekarar dai Augustus Waller a Ingila ya yanke jijiya ya zuba ido: ɓangaren da ya rabu da uwar jiki ya ruɓe, wanda yake haɗe da ita ya rayu.

Cutar ita kuwa ta riga su duka. Akwai wani allon dutse na Masar mai shekara fiye da 3,000 da ke nuna mutum da sanda da tsotsattsiyar ƙafa guda, ya taka da yatsu, kamannin da duk ɗan Katsina zai gane da kallo ɗaya. Michael Underwood ya bayyana ta a littafin likitanci a Landan a 1789. Jakob Heine na Jamus ya ce a 1840 yana zargin laka. A 1870 Jean-Martin Charcot da abokin aikinsa Joffroy a Paris suka yanka lakar wata da ta rayu da shanyewar tun yarinta, suka duba da madubin likita, suka tarar manyan ƙwayoyin da ya kamata a gani a gaban laka, cikin ɓangarenta mai ruwan toka, sun ɓace. Daga nan sunan foliyo ya samo asali: kalmomin Girkanci ne biyu masu nufin ruwan toka da laka. Sunanmu yana nuna ƙafa, nasu yana nuna inda aka yi kisan.

Duk da haka babu wanda ya taɓa ganin ƙwayar jijiya ɗungurungum da rassanta da jelarta, saboda a ƙarƙashin madubi sun cakuɗe kamar saƙar gizo. Camillo Golgi ne ya warware wannan a 1873, a wani ɗakin girki da ya mayar wurin gwaji a asibitin masu doguwar jinya kusa da Milan. Ya jiƙa naman ƙwaƙwalwa da wani ruwan sinadari mai azurfa. Abin al'ajabi, rinin ba ya kama sai ƙwaya ɗaya nan ɗaya can, amma wadda ya kama yakan baƙanta ta tun daga kai har jela. Shekara 14 bayan haka wani likitan Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya ga wannan rini a Madrid. Mutum ne da tun yarinta zane yake so, har mahaifinsa ya taɓa kai shi koyon aski da ɗinkin takalma don ya raba shi da shi. Zanen nan ne ya yi masa rana. Ya gyara rinin, ya koma duba ƙwaƙwalwar tsuntsaye da 'yan tayin dabbobi inda dajin bai riga ya yi duhu ba, ya zana abin da ya gani da hannunsa. Ya ce kowace ƙwaya mai zaman kanta ce, tana matsowa dab da maƙwabciyarta ba tare da sun narke sun zama ɗaya ba, kuma saƙo hanya ɗaya yake bi, daga rassa zuwa uwar jiki zuwa jela. Golgi ya ce sam, raga ce guda ɗaya a haɗe.

A 1906, shekarar da Turawa suka tuɓe Sarkin Katsina Yero suka kawo Muhammadu Dikko, aka raba wa mutanen nan biyu kyautar Nobel. Golgi ya tashi a Stockholm ya yi amfani da jawabinsa wajen sukar ra'ayin abokin rabonsa, Cajal yana zaune yana ji. Sai a tsakiyar shekarun 1950, dukansu sun mutu, madubi mai aiki da lantarki ya nuna 'yar tazarar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Cajal ne da gaskiya, da rinin abokin gardamarsa ya gano ta.

Yadda saƙon yake tafiya kuwa, Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka fayyace a 1952 da jijiyar wata dabbar teku mai kauri. Ba kamar wutar waya yake gudu ba, ya fi kama da wutar da aka cinna wa busasshiyar ciyawa: nan ya kama, ya kunna gaba, gaba ta kunna gabanta, bai rage ƙarfi ba har ƙarshe. Abin da ke faruwa shi ne gishirin sodiyam yana kutsawa cikin jelar, na fotasiyam yana fita, ƙofa bayan ƙofa. Jelolin da ke da rigar kitse, saƙo tsalle yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa, har mafi sauri yakan wuce mita 100 a daƙiƙa. In ya iso ƙarshe sai ya tarar da tazarar nan, sai jelar ta fesa wani sinadari ya tsallaka ya taɓa tsoka, tsoka ta motsa. Otto Loewi ya fara nuna wannan a 1921, da zuciyar kwaɗo. (A wannan mahaɗar ne maganin ƙwari irin fiya-fiya yake ɓarna. Yakan hana a share sinadarin bayan ya gama aiki, sai tsoka ta yi ta karkarwa, yawu ya yi ta zuba. Masu feshin noman rani a bakin Zobe ba tare da rufe hanci da jiki ba, da wannan suke wasa.)

Yanzu mu komo kan yaronmu. A 1908 Karl Landsteiner da Erwin Popper a Vienna suka nuna cewa ƙwayar cuta ce, irin ƙananan nan da ake kira bairos. Ta baki take shiga, ta hayayyafa a maƙogwaro da hanji, ta yi makonni tana fita cikin bayan gida, daga nan ta koma hannu, abinci da ruwan sha. Akasarin yaran da ta shiga ko ciwon kai ba sa yi. Kimanin ɗaya cikin 200 ne take tsallakawa ta isa laka, ta shiga uwar jikin ƙwayoyin motsi ta kashe su. Tsokar da umarni ya daina iso mata, ita ce take tsotsewa. In kisan ya hau sama ya taɓa masu kula da numfashi, yaron ba ya kai labari. Wannan ɗaya cikin 200 shi ya sa aka kasa ganin cutar a matsayin mai yaɗuwa. Ƙyanda kowa yana ganin ta bi gida gida. Shan inna kuwa ta bi yara ɗari biyu a ɓoye ta kayar da guda, dole a tambaya me ya sa shi kaɗai.

Akwai abubuwan da iyaye mata suka lura da su tun da can waɗanda sai da sanin ƙwayar jijiya suke warwaruwa. In ka mintsini shanyayyar ƙafa, yaron zai yi kuka. Dalili shi ne ƙwayoyin ji suna zaune a wani wurin daban, ta bayan laka, kuma cutar ba ta kula su. Kuturta akasin haka take yi. Ita jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa take bi, ji ya tafi, mutum ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba, gyambo ya ci yatsu.

Sun kuma lura cewa wasu yaran suna samun sauƙi a watannin farko. Gaskiya ne. Wasu ƙwayoyin suma suka yi ba mutuwa ba, sukan farfaɗo. Waɗanda suka tsira kuma sukan fitar da sababbin rassa a ƙarshen jelarsu su ɗauki riƙon tsokar da ta zama marainiya, har ƙwaya ɗaya ta ɗauki aikin uku ko huɗu ko fiye. Wannan sauƙin zai zo ko an je wurin boka ko ba a je ba, amma wanda yake riƙe da yaron a lokacin shi ke kwashe yabo. Haka magunguna da yawa suka yi suna.

Na ukun shi ne ya fi jawo rigima, wato maganar “allura ce ta shanye masa ƙafa”. Ruwa ba ya tsami banza. Allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu takan iya samun babbar jijiyar da ke gangarawa ƙafa. Wannan rauni ne a jela, mai jelar yana raye, don haka wani lokaci takan sake tohowa, kimanin milimita ɗaya a rana. Ban da wannan, likitoci sun tabbatar tun shekarun 1950 cewa yaron da ƙwayar foliyo take jikinsa, in aka yi masa allura a tsoka, hatsarin shanyewar wannan gaɓar yana ƙaruwa. To a ƙasar da ake ganin zazzaɓi ba ya tafiya sai da allura, ana iya kintatar sau nawa hakan ta faru. Bambancin dai shi ne jela takan toho, uwar jikin da ta mutu kuwa ba ta da madadi. Shi ya sa har gobe shan inna ba ta da magani, sai rigakafi.

Rigakafin ya samu a Amurka, inda annobar 1952 kaɗai ta kama mutum kusan 58,000. Na Jonas Salk, na allura, an sanar da nasararsa ranar 12 ga Afrilu 1955. Na Albert Sabin, na ɗigawa a baki, ya biyo baya a farkon shekarun 1960. Mu a nan an daɗe ana ɗaukar foliyo cutar ƙasashen Turawa, sai da aka bi makarantun Ghana a shekarun 1970 ana ƙirga yara masu ɗingishi aka ga ashe ba ƙirgawa ake yi ba. Mutanenmu kuma ba baƙin rigakafi ba ne. Masu shekara sittin zuwa sama da yawa suna da tabon lamba a dantse, na yaƙin da ya kawar da agana daga Najeriya a 1970.

A 1988, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Katsina, taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya ɗauki alƙawarin kawar da foliyo. A lokacin tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin korar ta daga Afirka. A wannan shekarar ce kuma sanƙarau ya kashe fiye da mutum 10,000 a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu, shari'ar da ba a sasanta da gwamnatin Kano ba sai 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da Dakta Datti Ahmad da wasu malamai suka ce a 2003 ana zargin ɗigon yana ɗauke da abin hana haihuwa, kunnuwa a buɗe suke. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar, jita-jitar kuwa ba ta tsaya a iyakar jiha ba. Akwai kuma tambayar da talaka ya yi wadda har yau muke ganin tana da nauyi: ga zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suna kwashe yara, magani sai da kuɗi, me ya sa wannan kaɗai ake biyo mu da shi har ɗaka kyauta?

Tambayar tana da hujja, amma yara ne suka biya kuɗinta. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba. Kano ta dawo a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, sai dai ƙwayar ta riga ta fita, daga bisani ta kai ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yemen da Indonesiyar kanta. A 2006 Najeriya ta ƙirga yara 1,122 da suka shanye. A 2012 duniya duka ta samu 223, 122 namu ne, kuma Katsina tana sahun gaba a jihohin da abin ya fi shafa.

Abin da ya juya lamarin ba sabon ilimi ba ne, sanannun fuskoki ne. Daga 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jawo sarakunan Arewa cikin aikin, umarni ya gangaro daga fada zuwa hakimai, irin su 'Yandaka a Dutsin-Ma da Maradi a Kurfi, zuwa dagatai da masu unguwanni. Mata 'yan gari suka riƙa shiga gida gida da akwatin ƙanƙara, suna shafa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, suna rubutu da alli a jikin bango. Wasunsu sun ba da rai: ranar 8 ga Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Waɗanda cutar ta shanye su ma sun fito, irin su Misbahu Lawan Didi, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta shanye a Najeriya a Borno yake, a Agustan 2016. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Kalmar “daji” a nan tana da muhimmanci. Ɗigon baki ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Inda kusan kowane yaro ya karɓa, takan mutu a hanya. Inda aka bar yara da yawa babu, takan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji har ta komo da ƙarfinta ta shanye wani. Wannan nau'in yana nan a Arewa maso Yamma, shi ya sa Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabon ɗigon da aka gyara a Maris 2021, shi ya sa kuma har yanzu ake ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari da 'yan bindigar dajin Rugu suka hana shiga, ko suka tarwatsa mutanensu, su ne irin wuraren da yaro kan shekara biyu ba a ɗiga masa komai ba.

Su kuma waɗanda ta riga ta shanye, lissafinsu da ƙwayar jijiya bai ƙare ba. Ƙwayoyin nan da suka tsira suka ɗauki riƙon marayun tsoka suna aikin da ya fi ƙarfinsu kullum, kuma bayan shekara 15 zuwa 40 wasu sukan fara sakin rassan da suka ƙara. Sai mutumin da ya saba hawa kekensa ya je kasuwar Dutsin-Ma ya dawo ya ji sabuwar kasala, gajiya da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har a hannun da yake zaton lafiyayye ne. Ba cutar ce ta dawo ba, kuma ba ya shafa wa kowa. Yaran 2006 yanzu suka shiga shekarunsu na ashirin, wasunsu da aure da 'ya'ya, kuma akasarinsu babu wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai wannan a gaba.